Martani: Ba Maganin Hawan Jini Ke Cinye Ƙashin Iyaye Mata Ba

Hawan jini da raunin ƙashi cututtuka biyu ne da kan riski mace kusan lokaci ɗaya, wato a shekarun da jinin al'ada ya ɗauke mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yawancin mata kan daina haila ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. A wannan tsakanin jijiyoyin jini kan soma tauri, awo ya riƙa hawa, a nan ne kuma ƙashi ke rage ƙwari da saurin da bai taɓa yi ba a rayuwar mace. Wannan haɗuwa ce ta haifar da ra'ayin da wani marubuci ya kare a wata maƙala, inda ya ɗora wa ƙwayoyin hawan jini alhakin ciwon gwiwa, ciwon baya da karayar da ake gani a jikin iyaye mata. Hujjojinsa uku ne: mata na fara kukan ƙashi ne bayan an ɗora su a kan magani, ƙwayoyin da ke sa fitsari suna wanke sinadarin kalsiyam daga jiki, kuma kakanninmu da ba su san asibiti ba ba su karye ba. Daga nan ya kai ga shawarar cewa mace ta ajiye ƙwaya ta koma ga zoɓo da tafarnuwa.

Magana irin wannan ba ta tsaya a takarda. A gari kamar Wudil, inda matan ƙauyukan da ke kewaye ke haɗa cin kasuwar Juma'a da sayen maganin wata, shawarar a daina sha tana da farin jini tun kafin a auna gaskiyarta, domin ƙwaya kuɗi ce, kuma ciwon da take tsarewa ba ya nuna kansa. Saboda haka ya kamata a bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙashi ba busasshen abu ba ne. Kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa, akwai ƙwayoyin halitta masu rusau, akwai masu gini. Har wajen shekara 30 gini ne ke rinjaye. Daga nan a yi kunnen doki na wasu shekaru, sannan rusau ya soma yin gaba. Abin da ke riƙe linzamin masu rusau a jikin mace shi ne sinadarin istirojin da ƙwan mahaifa ke fitarwa. Idan haila ta ɗauke, istirojin ya faɗi, sai linzamin ya saki. Bincike a kan matan Amurka ya nuna ƙashin baya kan yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na kaurinsa a shekaru goman da ke kewaye da hailar ƙarshe, kuma mafi yawan asarar a 'yan shekarun tsakiya take aukuwa. Likitan Amurka Fuller Albright ya bayyana wannan alaƙa tun farkon shekarun 1940, alhali magungunan hawan jini na zamani sai a ƙarshen shekarun 1950 suka fara shiga hannun jama'a. Cutar ta girmi maganin da ake zargi. Macen da ba ta taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba ita ma ƙashinta zai ragu idan lokacin ya yi.

Hujjar farko ta marubucin ta tsaya ne a kan ciwo, kuma a nan ya haɗa cututtuka biyu da ba su da dangantaka ta kusa. Zaizayar ƙashi ba ta da zafi. Yadda gara ke cin azara ta ciki a bar bayanta sumul, haka take yi, ba a farga sai ranar da aka karye a wuyan hannu, ko ƙugu, ko wata gaɓa ta ƙashin baya ta lotse, tsawon mace ya ragu, ta fara ranƙwafawa. Ciwon da yawancin iyaye mata ke kira sanyin ƙashi, wanda ke hana su durƙuso a salla har su koma yin ta a kan kujera, galibi amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya cinye. Shekaru ne ke kawo shi, da nauyin jiki, da aikin ƙarfi na tsawon rai, daka da ɗaukar ruwa da tsugunno a gaban murhu. Idan macen da ke da shekara 52 ta fara shan maganin hawan jini a bana, gwiwarta ta matsa mata baɗi, abin da aka gani jerin lokaci ne kawai. Maƙwabciyarta sa'arta, wadda jininta lafiya lau, ita ma tana dafa bango kafin ta miƙe. Akwai dai inda magani ke jawo ciwon gaɓa da gaske: ƙwayoyin fitsari kan ƙara sinadarin yurik a jini, wani lokaci babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zafi. Wannan ciwo ne na daban, sananne, ana kuma magance shi da canjin ƙwaya.

Sai hujja ta biyu, wadda ita ce ta fi kama da kimiyya, ita ce kuma ta fi kauce wa hanya. Babu wani abu guda da ake kira maganin hawan jini. Dangi ne daban-daban, kowanne da inda yake aiki. A shirin shawo kan hawan jini da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara a jihohin Kano da Ogun a 2020, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, tsarin da aka ba ƙananan asibitoci shi ne a fara da amlodifin, idan bai isa ba a ƙara losatan, sai daga baya a kawo ƙwayar fitsari ta dangin tayazaid, wadda kan zo da haruffan HCT a jikin kwali. Binciken CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, da Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero a cikin marubutansa, ya gwada mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, ya kuma samu cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata. Ke nan ƙwayar da tsarin ya ce a fara miƙa wa mace a ƙananan asibitocin Kano ba ma ta fitsari ba ce. Mai yiwuwa abin da ya ruɗi marubucin shi ne ana kiran dangin amlodifin masu toshe hanyar kalsiyam. Hanyar da ake nufi 'yar ƙofa ce a jikin naman jijiyar jini, wadda idan an rage shigar kalsiyam ta cikinta jijiyar ke saki. Ba ta da hulɗa da kalsiyam ɗin abinci, ba ta hana shi isa ƙashi.

Su kuwa ƙwayoyin fitsarin, manyan gidajensu biyu ne, kuma aikinsu a kan kalsiyam kishiyar juna ne. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwa a kowace rana, tare da kusan giram 10 na kalsiyam, amma kashi 98 zuwa 99 cikin 100 na wannan kalsiyam tana mayar da shi cikin jini. Tayazaid na aiki ne a can ƙarshen bututun ƙoda, inda yake hana gishiri komawa, a lokaci guda kuma ya ƙara yawan kalsiyam da ke komawa. Wato mai shan sa tana fitar da gishiri da ruwa, amma kalsiyam ɗin fitsarinta raguwa yake yi. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Shi ya sa likitoci ke ba da tayazaid ga masu yawan samun tsakuwar ƙoda, don a rage kalsiyam da ke taruwa a fitsari. Moduretic, da ya daɗe a kemis-kemis na Arewa, tayazaid ne a cikinsa haɗe da wani maganin.

An kuma gwada tasirin a jikin mutane. A shekarar 2000 an wallafa gwaji biyu. Na farko a Amurka, ƙarƙashin Andrea LaCroix, ya bi maza da mata 320 masu shekara 60 zuwa 79 na tsawon shekara uku, waɗanda aka ba tayazaid ƙashin ƙugunsu ya fi na sauran tsira da kusan kashi ɗaya cikin 100. Na biyu a birnin Auckland na New Zealand, ƙarƙashin Ian Reid, ya bi mata 185 da suka daina haila na shekara biyu, ya ga asarar ƙashin hannu da ƙafa ta ragu, na baya kuwa bai canza ba. A 2003 binciken Rotterdam na ƙasar Holan, mai mutum sama da 7,800, ya samu cewa waɗanda suka haura shekara suna shan tayazaid karayar ƙugu a cikinsu ta kusa raguwa da rabi, kuma kariyar na gushewa cikin kamar wata huɗu da dainawa. Wanda ya fi duka nauyi shi ne binciken ALLHAT na Amurka, domin a cikinsa ƙuri'a ce ta raba wa mutane magani, ba zaɓin likita ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mahalartansa baƙar fata ne. Da aka sake duba bayanan mutum 22,180 a 2017, an ga waɗanda suka sha dangin tayazaid sun fi masu shan amlodifin ko lisinofiril ƙarancin karayar ƙugu da kwatangwalo da kashi 21 cikin 100. Maganin da marubucin ya fi nuna wa yatsa shi ne ya fi kowanne shaidar tausaya wa ƙashi.

Wannan ba lasisi ba ne na a mayar da tayazaid maganin ƙashi. Ribar kaɗan ce, wasu binciken ma ba su gan ta ba, kuma yawancinsu an yi su ne a kan matan da cimarsu ta fi ta matan karkarar Kano yawan madara nesa ba kusa ba. Abin da shaidar ta tabbatar bai wuce wannan ba: idan mace na da hawan jini kuma ƙashinta ya yi rauni, tayazaid zaɓi ne mai kyau matuƙar babu abin da ya hana. Sauran dangogin, su lisinofiril da losatan da atenolol, sakamakon bincike a kansu ya rarrabu, wani ya ga 'yar riba, wani bai ga komai ba, babu kuma wanda ya kafa hujjar cewa suna cinye ƙashi.

Inda marubucin ya taɓo gaskiya shi ne gida na biyu, dangin furosemaid, wanda kowa ya fi sani da Lasix. Shi yana aiki ne a wani lanƙwashe na bututun ƙoda da ke kafin wurin tayazaid, kuma tabbas yana ƙara zubar kalsiyam a fitsari. A wani gwaji da Lars Rejnmark ya jagoranta a Denmak, aka wallafa a 2006, mata 87 da suka daina haila aka raba biyu, waɗanda suka sha wani ɗan'uwan Lasix na shekara guda ƙashinsu ya ragu da kusan kashi biyu cikin 100. Babban binciken lafiyar mata na Amurka shi ma ya ga ɗan ƙarin karaya ga waɗanda suka haura shekara uku suna sha. To amma Lasix ba maganin hawan jini na yau da kullum ba ne. Na masu gazawar zuciya ne ko ciwon ƙoda ko hanta, waɗanda ruwa ya taru musu a huhu da ƙafa, kuma ga irin waɗannan barin sa na iya kai mutum kushewa cikin makonni.

Yadda Lasix ke shiga jakar macen da ba ta buƙatarsa abin lura ne, domin yana faruwa a kai a kai. An ba ta amlodifin miligiram 10. Bayan 'yan makonni idon sawunta ya kumbura, takalmi ya matse, wanda sanannen tasirin amlodifin ne, kuma ba ruwa ne ya yi wa jiki yawa ba, ƙananan jijiyoyin ƙafa ne suka buɗe. Maimakon ta koma asibiti, sai a aiki jika kemis, a ce ƙafar Hajiya ta kumbura. Mai kemis ya ƙirgo Lasix. Kumburin ba zai tafi sosai ba tunda ba nan matsalar take ba, sai a ci gaba da sha wata da watanni, tana zubar da ruwa da gishiri da kalsiyam a banza. Gyaran da likita zai yi mai sauƙi ne, ya rage amlodifin, ko ya haɗa shi da losatan, wanda kan rage kumburin. Da marubucin a kan wannan ya yi gargaɗi, da babu mai ja da shi.

Akwai kuma wata hanya ta gaske da ke haɗa maganin hawan jini da karaya, wadda maƙalar ba ta ko ambata ba, wato faɗuwa. Raunin ƙashi shi kaɗai ba kasafai yake karya ƙugu ba, sai an faɗi. A 2012 Debra Butt da abokan aikinta sun duba bayanan tsofaffi sama da 300,000 a lardin Ontario na Kanada da aka fara ba maganin hawan jini, suka ga haɗarin karayar ƙugu ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 a kwana 45 na farko. Babu ƙashin da ke zaizayewa cikin wata ɗaya da rabi. Jiri ne. Jikin da ya saba da awo mai yawa, idan an sauke shi, yakan ɗauki lokaci kafin ya koyi tura jini zuwa kai da sauri a lokacin miƙewa.

A gidan Bahaushe an san sa'ar da abin ke faruwa. Dattijuwa ta sha ƙwayar fitsari da daddare maimakon da safe, saboda a lokacin ta tuna. Kafin kiran assalatu fitsari ya matse ta. Ta tashi zumbur daga katifar da ke ƙasa, babu wuta, ta laluba buta, ta tsallake dokin ƙofa, ta nufi makewayi da silifas ɗin roba a kan simintin da ruwan alwala ya jiƙa. Tsakanin ɗaki da makewayi idonta ya yi duhu. Waɗannan taku goma ɗin su ne ainihin haɗarin, kuma kowane ɗayansu yana da gyara: a sha ƙwayar fitsari da safe, a zauna a bakin shimfiɗa na minti ɗaya ko biyu kafin a miƙe, a ajiye tocila kusa, a yi wa makewayi abin dafawa, a duba idon da yana ta rufe. A asibiti kuma gwajin ba ya cin ko kwabo fiye da awon da aka saba, a auna ta a kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, maganin na buƙatar gyara. Aldomet, da har yanzu wasu tsofaffi ke riƙe da shi tun zamanin goyonsu, yana cikin masu yawan jawo wannan jiri.

Yanayin ƙasar Kano yana ƙara wa abin nauyi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce, gumi na fita, kuma idan azumi ya faɗo a bazara mai shan ƙwayar fitsari na wuni ba ruwa. Tayazaid ɗin da aka yaba a sama yana da nasa aibin a nan: yakan saukar da sinadarin sodiyam a jini, musamman ga tsohuwa marar jiki a makonnin farko, abin da ke kawo kasala, ruɗewa da tangaɗi. Gudawa ko amai na kwana biyu na iya kai ta ga haka. Shi ya sa ake so a fara da ƙaramin awo, a gwada jini bayan 'yan makonni, a kuma ga likita kafin azumi don a tsara lokacin sha. Da zarar an wuce wannan matakin, lissafin kan daidaita. A binciken SPRINT na 2015, waɗanda aka matsa wa jininsu ya sauka sosai sun fi samun faɗuwar awo fiye da kima da suma, amma faɗuwa mai rauni ba ta fi ta sauran ba.

Hujjar kakanni ba ta da wuyar amsawa. Gaskiya ne wani bincike da Adebajo da abokansa suka wallafa a 1991 ya samu karayar ƙugu a Ibadan ta yi ƙasa ƙwarai da ta Ingila. Sai dai karayar ƙugu cuta ce ta masu shekara 70 da 80, kuma a da mata kaɗan ne ke kaiwa can. Waɗanda suka kai suka karye, wurin mai ɗori ake kai su, ba a rubuta su a littafin kowane asibiti. Tsohuwar da ta zame a tsakar gida, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, bayan wata uku aka ce tsufa ne, ba ta shiga ƙididdigar kowa ba. Kakar da ake misali da ita kuma ba ta zauna ba, tana daka tana surfe tana tafiya gona a rana, dunƙulen ɗanɗano bai shiga tukunyarta sau uku a yini ba.

Wannan ya kawo maganar abubuwan da ke cin ƙashi da gaske, waɗanda maƙalar ta tsallake. Na gaba a cikinsu su ne deksametason da firednisolon. Babu wani magani da aka fi tabbatar da ɓarnarsa ga ƙashi kamar wannan dangi, cikin watannin farko na sha asarar ke farawa, kuma suna hawar da jini da sukari. Su ne ake sakawa a cikin magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe, su ne kuma kan ɓuya a cikin haɗin ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna ba kwali. Matar da gwiwa ta dama, ta sha haɗi ta ji sakayau, za ta koma gobe. A cikin ledar sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen, waɗanda ke riƙe gishiri a jiki, su rage ƙarfin maganin hawan jini, su kuma wahalar da ƙoda. Ita ce za a ga awonta ya ƙi sauka, a ƙara mata ƙwaya, ƙashinta na raguwa, a ƙarshe a ce maganin asibiti ne ya cinye ta. Wasu magungunan farfaɗiya, da na sankarar mama masu danne istirojin, da omefirazol idan an daɗe ana sha, su ma suna da nasu rabon, amma waɗannan da dalili ake ba da su, likita ne zai auna.

Na biyu gishiri. Duk sodiyam ɗin da ƙoda ta fitar yana jan kalsiyam tare da shi, don haka cin gishiri da yawa na hawar da jini yana kuma rage wa ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, kuma lissafin ya haɗa da dunƙule da kanwa, domin kanwa ma gishirin sodiyam ce. Tun a shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Shi kansa hawan jinin da ba a kula da shi ba yana tafiya da zubar kalsiyam a fitsari. Wani bincike da Francesco Cappuccio ya jagoranta, aka wallafa a mujallar Lancet a 1999, ya bi tsofaffin mata sama da 3,600, ya ga waɗanda jininsu ya fi hawa sun fi saurin asarar ƙashin ƙugu.

Na uku ƙarancin kalsiyam a abinci. Macen da ta daina haila ana so ta samu kimanin miligiram 1,200 a rana. Binciken Tom Thacher a Jos a 1999 ya nuna yara masu gwame da bakan ƙafa a can kusan miligiram 200 kawai suke samu, kuma kalsiyam ne ya warkar da su fiye da bitamin D. Tuwon da yaran suka ci shi iyayensu mata suka ci. Abin takaicin shi ne Wudil ba ta rasa kayan gyara ba, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, ga nono da kindirmo a ƙwarya, ga ƙananan kifin kogi da ake ci da ƙayarsu, ga kuka da zogale da riɗi. Sau da yawa dai dattijuwar gida ita ce ta ƙarshe da za ta sha nonon, jikoki take miƙa wa. Idan ta daina fita tsakar gida kuma, hasken ranar da fata ke yin bitamin D da shi ya yanke mata.

Saura shawarar da maƙalar ta ƙare da ita, wadda ita ce mafi haɗari. Kusan ɗaya cikin uku na manyan 'yan Najeriya na da hawan jini, kuma ƙalilan ne nasu ya daidaita. Binciken SIREN na Najeriya da Ghana, wanda Mayowa Owolabi ya jagoranta, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankin na da nasaba da hawan jini. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje sama da 100 a 2016 ya samu cewa duk saukar maki 10 a lambar sama na rage shanyewar jiki da kashi 27 cikin 100, gazawar zuciya da 28, mutuwa da 13. A binciken HYVET na 2008, kan mutum 3,845 da suka kai shekara 80, magani ya rage mutuwa da kashi 21 cikin 100. Ko da ƙashi kaɗai aka damu da shi, lissafin bai canza ba, domin babu abin da ke zubar da ƙashi da sauri kamar kwanciya. Ɓarin da ya shanye yana rasa kaurinsa cikin watanni, mai shi kuma ta fi kowa faɗuwa, galibi a kan wannan ɓarin. Zoɓo kuwa, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke awo, marar sukari ke nan, ba na ƙullin leda ba. Babu gwajin da ya nuna ya hana shanyewar jiki, kuma ba a san ƙarfin kofi ɗaya da na wani ba. Ana iya shan sa tare da sanin likita, ba a madadin ƙwaya ba.

Na'urar auna kaurin ƙashi ba ta wadatu a Najeriya ba, sai a wasu manyan asibitocin birane, amma akwai alamun da ma'aikacin lafiya a Babban Asibitin Wudil ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya kamawa da tambaya da ma'aunin tsawo: karaya bayan 'yar faɗuwa daga tsaye, raguwar tsawo da santimita huɗu, ranƙwafawar baya, ɗaukewar haila kafin shekara 45, karayar ƙugu a wurin mahaifiya, ko daɗewa a kan deksametason. Mai irin waɗannan akwai magungunan ƙashi na musamman, kamar alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, kuma ba sa karo da na hawan jini. Dattijuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce ta juya waje, hoto take buƙata a ranar, kuma karayar wuyan ƙashin cinya aikin tiyata ce irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, kara da tsumma ba sa kama ta. Wadda kuma take jin jiri, ko ƙafarta ta kumbura, ko take zargin wata ƙwaya, 'ya'yanta su tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, su kai wa likita ya tantance. Kada a daina ko ɗaya daga cikin na hawan jini kafin a je.